Doka Ɗaya, Daga Bobigny Zuwa Maraɗi

'Yan uwa da ke zuwa kotun Bobigny sun san ƙaramar gadar masu tafiya a ƙasa da ke kaiwa gare ta, mai suna Marie-Claire. Kaɗan ne suka san cewa labarin mai sunan ya shafi iyayenmu mata a gida.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ci sojojin Faransa fiye da miliyan ɗaya, hukuma ta tsorata da ƙarancin jama'a. Ranar 31 ga Yuli 1920 aka kafa dokar da ta hana tallata hanyoyin hana ɗaukar ciki, ta kuma ƙarfafa haramcin zubar da shi. Sojojin gobe da leburori ake nema, lafiyar uwa ba ta cikin lissafi. Dokar ta bi Turawan mulki har ƙasashen da suka mallaka, ciki har da Nijar.

A 1972 aka gurfanar da Marie-Claire a Bobigny. Tana da shekara 16 wani saurayi ya yi mata fyaɗe. Uwarta, ma'aikaciyar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai ƙaramin albashi, ta kasa biyan likita, aka zubar da cikin a ɓoye, jini ya ɓalle, sai asibiti. Lauya Gisèle Halimi ta nuna wa alƙalai cewa matan masu hali Ingila ko Suwizalan suke tafiya, talaka kaɗai doka ke kamawa. Aka sallami yarinyar. A Janairun 1975 dokar Simone Veil ta fito, bayan tun 1967 an halatta maganin tsarin iyali.

Addininmu da al'adarmu suna da matsayinsu a kan zubar da ciki, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin lura shi ne, Faransa ta gyara dokarta, mu kuwa aka bar mu da tsohuwar. Sai a 1988 Nijar ta halatta hanyoyin tazarar haihuwa, shekara 28 bayan 'yancin kai. Alhali kakanninmu sun san tazara tun kafin zuwan Bature: mai jego takan koma gidan iyayenta, a shayar da yaro kusan shekara biyu, kwanika kuwa abin gori ne.

Yau tsoron ya juya. Jama'ar duniya ta kai biliyan 8 a Nuwamban 2022, ninki biyu na 1974. Nijar da ba ta wuce mutum miliyan uku da wani abu ba a 1960 ta haura miliyan 17 a ƙidayar 2012, lokacin da lissafi ya nuna kowace mace na haihuwar 'ya'ya fiye da bakwai. Jiya an ce a haifa da yawa, yau ana cewa a rage, ita kuwa mai ɗaukar cikin ba kasafai ake tambayarta ba.

A zamanin Shugaba Tandja Mamadou an mayar da tiyatar haihuwa da maganin tazara kyauta. Amma kyauta a takarda ba ta amfanar matar ƙauye da naƙuda ta kama cikin dare, babu mota, asibiti da nisa. Kamar a Bobigny, mai hali yana da mafita.

Idan ƙungiyarmu ta zauna rabon gudummawar bana, mu tuna da ɗakin haihuwar garinmu, da ungozoma mai horo, da kuɗin makarantar 'ya'ya mata. Mu kuma gayyato matan ƙungiya su faɗi abin da ya fi gaggawa, domin su suka san zafin.