Zabtarewar Gangare: Yadda Ake Ƙiyasta Haɗarinta a Ƙasa Mai Bambancin Ƙarfi

Gabatarwa

Zabtarewar gangare ita ce sulluɓowar ƙasa daga gefen tudu, ko gaɓar kogi, ko bangon madatsar ruwa, ko bakin kududdufi da ramin haƙar yashi. Tana faruwa ne idan nauyin da ke jan ƙasar zuwa gangare ya rinjayi ƙarfin da ke riƙe da ita. Wannan ƙarfi kuwa daga abu biyu yake samuwa, wato danƙon ƙasa kamar na laka, da gogayyar ƙwayoyinta kamar na yashi da tsakuwa. Idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa sai ya ƙara mata nauyi, ya kuma rage gogayyar. Shi ya sa aka fi samun zabtarewa a tsakiyar damina.

Ma'aunin aminci

Injiniyoyi suna raba ƙarfin da ke riƙe ƙasa da nauyin da ke jan ta, abin da ya fito shi ake kira ma'aunin aminci. Idan ya sauko zuwa 1, gangaren yana gab da faɗuwa. A ayyukan da ake son su daɗe, galibi ana neman ya kai 1.5. Injiniya Fellenius na ƙasar Siwidin ya tsara wannan lissafi ta hanyar yanka gangare gunduwa-gunduwa a kan takarda, sannan Bishop na Ingila ya inganta shi a shekarar 1955.

Sai dai wannan lissafi yana ɗaukar kowane shimfiɗin ƙasa tamkar ƙarfinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Manomi ya san ba haka abin yake ba, domin a gona guda akan sami jigawa a wani ɓangare, laka a wani, marmara a wani. Haka ma cikin ƙasa yake. Ramukan gwaji kuwa ba sa nuna komai sai abin da ke daidai inda aka haƙa su.

Ƙiyasin yiwuwar zabtarewa

Saboda haka masana suka ƙara da wata tambaya: kashi nawa cikin ɗari ne gangaren zai iya faɗuwa? A shekarar 1977 Vanmarcke ya gabatar da hanyar lissafa yadda ƙarfin ƙasa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri. Ana buƙatar sanin abu uku: matsakaicin ƙarfin ƙasar, da yawan bambancin da ke tsakanin samfuran da aka gwada, da kuma nisan da ƙasa ke ɗauka kafin halinta ya canza. Wannan nisa ya fi tsawo a kwance fiye da a tsaye, domin ƙasa shimfiɗi-shimfiɗi take taruwa.

Daga nan sai a yi amfani da kwamfuta ta hanyar da ake kira Monte Kalo. Kwamfutar za ta zana gangaren sau da yawa, kowane karo ta rarraba wurare masu ƙarfi da masu rauni ta wata siga dabam wadda ba ta saɓa wa sakamakon gwaji ba, sannan ta auna ko ya faɗi. Alal misali, idan aka zana 1,000 aka sami 20 sun zabtare, yiwuwar zabtarewa ta zama kashi 2 cikin ɗari.

Abin lura shi ne, gangare biyu suna iya samun ma'aunin aminci na 1.5, amma haɗarinsu ya bambanta ƙwarai. Idan wuraren rauni ƙanana ne kuma a warwatse, ƙasa mai ƙarfi da ke kewaye da su takan tallafe su. Idan kuwa raunin ya zama dogon shimfiɗi guda, to ta nan zabtarewa za ta bi, ko da sauran ƙasar tana da ƙwari.

Misali daga Ingila

A watan Yuni na shekarar 1984, bangon madatsar ruwa ta Carsington ya zabtare ana dab da kammala gininsa, tun kafin a tara ruwa. Bincike ya gano wani shimfiɗin laka mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin ginin, wanda ƙarfinsa bai kai yadda aka ɗauka a lissafi ba. Sai da aka sake ginin, aka buɗe madatsar a 1992.

Alamomin da za a lura da su

1. Tsagewar ƙasa a saman gangare, musamman wadda ta bi tsawon bakinsa.
2. Karkatar bishiyoyi, ko turakun lantarki, ko katanga.
3. Kumburin ƙasa a gindin gangare.
4. Tsatsafowar ruwa mai laka daga jikin gangare ko bangon madatsa.

Kira ga jama'a da jami'ai

Ana kira ga jama'a da su guji haƙar ƙasa ko yashi a gindin gangare, domin gindin ne ke tokare da abin da ke sama. Kada a yi gini ko a jibge kaya a bakinsa, kuma a karkatar da ruwan indararo da magudanai daga gare shi. Dasa jema da itatuwa yana riƙe ƙasar sama, amma ba ya hana zabtarewa mai zurfi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ya janye iyalinsa da dabbobinsa, ya sanar da mai unguwa ko dagaci ba tare da jinkiri ba.

Su kuma jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi, kafin su amince da aikin madatsa ko hanya, ya kamata su tambayi ɗan kwangila yawan ramukan gwajin da aka haƙa, da zurfinsu, da tazarar da ke tsakaninsu. Su nemi ganin sakamako mafi rauni, kada su tsaya ga matsakaici kawai, su kuma tabbatar an yi lissafin da yanayin ƙasa a lokacin da ta jiƙe sharkaf.