ORM da SQL: hanyoyi biyu na neman bayanai a rumbu

Manhajar da ke aiki kan sabar haya, irin ta Amazon ko Google, tana neman bayanai a rumbunta ta hanya biyu. Ko dai mai tsara ta ya rubuta umarnin SQL da hannunsa, ko ya bar wa ORM, kamar Hibernate da ya fito a 2001, ya rubuta masa. ORM na rage wahalar aiki, amma yakan yawaita aike: don nuna sayayyar mutum 100, yana iya tura tambaya 101 maimakon guda. Da yake rumbun yana kan wata na'ura daban, kowace tambaya sai ta je ta dawo. Nan jinkiri ke taruwa, kuɗin haya kuma na iya ƙaruwa.