Rahoton Fasinjoji na Wata-wata na Kamfanin Ryanair

Rahoton fasinjoji na wata-wata sanarwa ce da kamfanin jiragen sama na Ryanair, wanda hedikwatarsa ke ƙasar Ailan, yake fitarwa a farkon kowane wata domin masu hannun jari su san yawan mutanen da ya ɗauka a watan da ya gabata. Muhimmin abin da ake dubawa a ciki shi ne ma'aunin cikar jirgi, wato kason kujerun da aka sayar cikin dukkan kujerun da kamfanin ya tanada, kuma da yake tikitin da aka saya ake ƙirgawa, wanda ya biya bai zo ba ma yana shiga lissafi.

Alƙaluman kan haura a watannin Yuli da Agusta, lokacin hutun Turawa, su ragu cikin hunturu. A Afrilun 2020, da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, fasinjoji kusan 40,000 kacal kamfanin ya ɗauka, amma a shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2025 sun kai miliyan 200, cikar jiragen kuwa kashi 94 cikin 100.