Daga Katangar Gida zuwa Rajista: Tarihin Kare Sirrin Mutum a Fiƙihu da Dokokin Zamani

Gabatarwa

Ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Da yawa daga cikin ɗaliban ilimi suna kallon irin wannan doka a matsayin baƙuwa da ta zo tare da kwamfuta da intanet. Amma wanda ya bibiyi tarihi zai tarar malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna tambayar da ke ƙarƙashinta, wato ina iyakar abin da mai iko da maƙwabci za su iya sani game da mutum. Abin da ya sauya shi ne mazaunin sirrin: a da yana bayan katanga, yanzu yana cikin rajista.

Hurumin gida a nassi da aikin sahabbai

Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, abin da malamai ke kira tajassusi. Ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur sun wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, tare da umarnin komawa idan aka ce a koma. Aya ta 58 kuma ta shigar da hukuncin har cikin gida, inda ta ware lokuta 3 da yara da masu hidima za su nemi izini. Abu Dawud ya ruwaito hadisin Mu'awiya (RA), wanda ma'anarsa ita ce bin diddigin aibobin mutane yana lalata su. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu mulki.

Littattafai da dama, ciki har da Ihya'u Ulumid Din na Imam Gazali, sun kawo ƙissar Sayyidina Umar (RA), wanda ya haura katangar wani mutum ya same shi cikin saɓo. Mutumin ya kafa masa hujja da cewa shi laifi ɗaya ya yi, halifa kuwa ya yi uku: ya yi tajassusi, bai shigo ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Umar ya ƙyale shi bisa sharaɗin tuba. Darasin da malamai suka ciro a nan shi ne kyakkyawar niyyar shugaba ba ta halatta masa hanyar da aka haramta.

Iyakar muhtasibi

Da hisba ta zama muƙami na hukuma, malamai sun gindaya mata iyaka. Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan Hijira (1058), ya bayyana a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa muhtasibi ba shi da ikon bincikar abin da bai bayyana ba, sai fa inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar amintacce ya sanar da shi cewa wani ya keɓe da wani domin ya kashe shi. Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira (1111), ya sanya bayyanar munkari ba tare da tajassusi ba a cikin sharuɗɗan hisba.

Malikiyya sun kai mas'alar har ga gini. A cikin Mudawwana an kawo hukuncin Umar game da wanda ya buɗe taga a bene: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya; in ya hango cikin gidan maƙwabci, a hana tagar. Ibnur Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a cikin Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Zauren gidan Bahaushe, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, yana tafiya a kan wannan ma'ana.

Lokacin da rajista ta zama makami

Musulmi sun san rajista tun da wuri. A wajajen shekara ta 20 bayan Hijira Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da nasabarsu domin rabon dukiyar baitulmali. Sai dai haɗarin tara bayanan jama'a wuri guda ya fito fili ne a Turai ta ƙarni na 20. Ƙasar Holan tana da rajista mai tsari wadda ta ƙunshi addinin kowane mazauni. Da sojojin Nazi suka mamaye ƙasar a watan Mayu na 1940, wannan rajista ta sauƙaƙa musu gano Yahudawa. Ranar 27 ga Maris, 1943, 'yan gwagwarmaya suka cinna wa ofishin rajista na Amsterdam wuta, amma wani sashe kawai ya ƙone. Kimanin kashi 75 cikin 100 na Yahudawan ƙasar aka kashe, kuma masana tarihi suna lissafa rajistar cikin dalilan hakan. Ma'aikatan da suka fara rubuta ta ba kisa suka nufa ba. Mulki ne ya sauya hannu, takardun kuwa suna nan.

Bayan shigowar kwamfuta ofisoshi, jihar Hesse ta Jamus ta Yamma ta yi dokar kare bayanai a 1970, Suwidin ta yi ta ƙasa baki ɗaya a 1973. Ranar 15 ga Disamba, 1983, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke wasu sassan dokar ƙidayar jama'a, ta tabbatar wa mutum haƙƙin yanke shawara a kan bayanansa. Dokar Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018.

Nijeriya

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na tarho. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a Janairun 2019, sannan dokar 2023 ta kafa hukuma ta musamman. Dokar ta shar'anta a karɓi bayani domin manufa bayyananniya, gwargwadon buƙata, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata. Ta ba mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara ko a goge, ta kuma sanya addini da ƙabila da lafiya cikin bayanan da ke buƙatar ƙarin kariya.

Kammalawa

Fiƙihu ya yi bayani dalla-dalla a kan ido da kunne da taga, domin ta nan ake keta sirri a zamanin da aka rubuta shi. A yau makarantun Islamiyya, da kwamitocin zakka, da masu sulhun aure, suna riƙe da sunayen marayu, da bayanin talaucin magidanta, da asirin ma'aurata, sau da yawa a cikin wayar mutum ɗaya. Asalin hukuncin a shirye yake: amana, da suturta Musulmi, da ƙa'idar cewa ana auna larura gwargwadonta. Abin da ya rage ga malamai da ɗalibai shi ne fitar da rassansa: wa ke da izinin buɗe rajista, yaushe ake goge ta, kuma mene ne hukuncin wanda ya yaɗa hoton wanda ake tuhuma kafin alƙali ya saurare shi. Allah ne mafi sani.