Ibn al-Haisam da Kitabul Manazir: Rawar da Tarjama ta Taka

An haifi Alhasan Ibn al-Haisam a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An ruwaito cewa ya yi wa Halifa al-Hakim alkawarin shawo kan ambaliyar Kogin Nilu, amma da ya isa Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa. Bai sami sakewa ba sai bayan shuɗewar halifan a 1021.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai. A ciki ya rushe ra'ayin Yuklid da Batlimus cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abu. Ya nuna daga abin yake tasowa ya shiga ido. Bai tsaya ga hujjar baki ba, sai da ya jarraba da fitilu da 'yar kafa a ɗaki mai duhu.

Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, littafin bai sami kulawar kirki cikin Larabci ba sai da Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi wajen 1300. Kafin nan, wajen 1200, an riga an tarjama shi zuwa Latin, ya isa hannun Roger Bacon. An buga tarjamar a Basel a 1572, Kepler kuma ya amfana da ita. Sai dai babu babi uku na farkon littafin a cikinta, alhali a nan ne marubucin ya shimfiɗa hanyar bincikensa.