Sharar Nukiliya a Cikin Ƙasa

Sharar nukiliya ita ce ragowar ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa wanda ido ba ya gani, kuma idan ta zuba a ƙasa, makomarta tana rataye ne ga ɗabi'ar ma'adinin da irin ƙasar da ta karɓe shi.

Malaman kimiyya sun tabbatar da haka bayan musibar tashar nukiliya ta Carnobil da ke ƙasar Yukren a shekarar 1986. Daga cikin irin waɗannan ma'adinai, siziyam-137, wanda sai bayan kimanin shekara 30 rabin ƙarfinsa yake gushewa, yakan maƙale wa yumɓu ƙam, har ya daɗe a saman ƙasa bai nutsa ba, alhali a jigawa, inda yumɓu ya yi ƙaranci, saiwoyi sukan zuƙe shi cikin sauƙi. Amma sitirontiyam-90 ya fi shi hatsari ta wannan fuska, domin ya yi kama da kalsiyam, saboda haka ruwa yakan tafi da shi, ciyawa ta sha, saniya ta ci, ya bi ta madara ya zauna a ƙashin yaro, wanda kuwa shi ne mafi rauni a cikin al'umma.

Mas'alar ba ta nesa ba ce. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, tarin dusar ma'adinin yana fitar da iskar radon, guguwar hamada tana kwasar ƙurarsa. Radiyam-226 da ke cikinsa kuwa sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya gushe.