Saɗaka da wahaya: tarihin shari'ar Hadijatu Mani a ƙasar Ƙonni

Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu bi diddigin wata shari'a da ta tashi daga kotun Birnin Ƙonni ta kai har kotun ƙungiyar CEDEAO. Ƙasar da abin ya faru, wato yankin Ƙonni da Illela da Madawa a jihar Tawa, har da Malbaza wadda a lokacin take ƙarƙashin Ƙonni, ita ce aka fi sani da al'adar wahaya. Abin da muke son nunawa shi ne, wannan bauta ta daɗe saboda sunan da aka sa mata ya rufe ta, kuma kusan duk gardamar alƙalai ta tsaya bisa kalma guda: matar aure ce, ko baiwa?

1. Kalmomin

Musulunci ya iyakance wa namiji mata huɗu. Wahaya ita ce yarinyar da ake saye daga zuriyar bayi, a kawo ta gida ba ɗaurin aure, ba sadaki, ta yi aikin gida da na gona, maigida kuma ya kwana da ita in ya ga dama. Shi ya sa ake ce mata "mata ta biyar", alhali ba ta da haƙƙin matar aure ko ɗaya. A takardun shari'a na Faransanci an rubuta ɗayan sunanta "sadaka". Mai jin Hausa ya san kalmar saɗaka ce, daga "sa ɗaka", wato ƙwarƙwara. Da rubutun ya zubar da ƙugiyar harafin ɗ, sai kalmar ta yi kama da sadaka ta neman lada, ma'anar mallaka ta ɓace wa mai karatu.

2. Doka kafin shari'ar

Tun ranar 12 ga Disamba 1905 Faransa ta yi dokar hana cinikin bayi a ƙasashen yammacin Afirka da take mulki, amma ba ta tsananta a kan bautar cikin gida ba, don tana bukatar sarakunan gargajiya. Bayan samun mulkin kai a 1960 ma maganar ta kwanta. Ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991 ita ta tayar da ita, kuma a watan Yuni 2003 aka shigar da laifin bautarwa cikin kundin hukunci na Nijar, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

3. Shari'ar

An haifi Hadijatu Mani a 1984, uwarta baiwa. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 na sefa ga wani magidanci mai mata huɗu. Ta yi kimanin shekara tara a gidansa, ta haifa masa ƴaƴa. Ranar 18 ga Agusta 2005 ya ba ta takardar ƴantawa, amma ya hana ta fita, ya ce ai matarsa ce.

A nan kalmomin suka juya. Muddin tana baiwa, bai bukaci kiranta mata ba. Ranar da bauta ta zama laifi, sai ya nemi inuwar aure. A watan Maris 2006 kotun al'ada ta Ƙonni ta ce babu aure, tun da ba a ba da sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a nemi yardarta ba. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta rushe wannan hukunci, bisa hujjar cewa auren ɗa da baiwa halal ne. Kotun ƙoli a Yamai ta soke hukuncin a watan Disamba saboda kuskuren tsari, ba ta ce komi ba kan bautar kanta. Ana cikin haka Hadijatu ta auri wanda take so. Tsohon ubangidanta ya kai ƙara cewa ta yi aure bisa aure, aka yanke mata wata shida a watan Mayu 2007, ta yi kamar wata biyu a gidan kaso kafin a sake ta.

Da taimakon Timidria da Anti-Slavery International da Interights ta kai ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta tabbatar cewa an bautar da ita, kuma alƙalan Nijar sun ga bauta a gabansu ba su hukunta ta ba, saboda haka alhakin yana wuyan gwamnati. Ta umarci a biya ta diyyar miliyon 10 na sefa. Ma'aunin da kotun ta ɗauka shi ne na yarjejeniyar duniya ta 1926: bawa shi ne wanda ake yi da shi abin da mai dukiya ke yi da dukiyarsa, ko da wane suna aka kira shi. Gwamnati ta amince da hukuncin.

Kammalawa

A watan Mayu 2014, a Birnin Ƙonni, kotu ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya. Amma hanyar da Hadijatu ta bi ta toshe, tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, nauyin ya ƙara komawa kan kotunan cikin gida. A waɗannan kotuna mai ƙara na magana da Hausa ko Tamajak, ana rubuta mata hukunci da Faransanci, tafinta na tsakani. Muna ganin aikin da ke gaban masana harshe shi ne tattara kalmomin bauta da na aure na Adar da Ƙonni, da ainihin ma'anarsu a bakin masu amfani da su, domin alƙalin da aka ce wa "mata ta biyar" ya san abin da ake nufi.